A Rubuta Ladan 'Yan Aikatau

Tun watan Janairun 2024, da hukuma ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga jika 30 da 'yan kai zuwa jika 42, muke zuba ido mu ga ko wannan ƙari zai wuce ƙofar ofis ya shiga zaure, ya kai madafa, inda 'yan matan karkarar Madarunfa suke tuƙa tuwon wasu suna goyon 'ya'yan wasu. Amma ga shi kaka ta sake zagayowa, dillalai mata sun fara bin gidajen Safo da Gabi da Ɗan Isa suna kwasar yara zuwa Maradi, wasu ma har Katsina ta hanyar Jibiya, alhali ba mu ji an kira uwar ɗaki ko ɗaya an tambaye ta nawa take biya ba.

Dokar ƙwadago ta 2012 ba ta ware mai wanke-wanke daga mai riƙe alƙalami ba. Duk wanda ya ba da ƙarfinsa a ƙarƙashin umarnin wani don a biya shi, ma'aikaci ne, kuma wajibi ne a kan wanda ya ɗauke shi ya kai sunansa asusun CNSS, ya riƙa zuba kason da aka yanka, saboda ranar da tafasasshen mai zai kwaro wa yarinya ko ranar da ƙarfi zai ƙare. Dokar nan ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 14 ba, wata kuma ta Disambar 2017 ta yi alkawarin riƙe 'ya mace a makaranta har shekara 16. Wanda bai san boko ba ma ba shi da uzuri, domin duk almajirin da ya sauke Risala ya san fuƙaha'unmu sun sharɗanta wa ijara a ambaci ujra, a kuma yanka ajali. To, ina ujrar da aka ambata, tun da dillaliya ake damƙa wa kuɗin, ta cire rabonta, sauran a ce ana tara wa yarinya na kayan ɗaki, ba takarda, ba shaida, har ranar da zobe ko salula ta ɓata a gidan, a ɗora mata sata, a sa ta mota hannu rabbana? A rubuta ladan nan, shi ne abin da muke cewa.

Masu gida za su ce ƙaramin ma'aikaci ba shi da jika 42, kuma ai suna ciyar da yarinyar, 'yarsu ce. Mun ji, sai dai ciyarwa ba ujra ba ce, kuma ba mu taɓa ganin sun tashi 'ya'yan cikinsu da asuba su yi shara, ita ta tafi makaranta ba.

Ba yau muka saba da wannan kawar da kai ba. An haramta bauta a 2003, amma sai da Hadijatu Mani, wadda aka bautar, ta kai ƙara kotun CEDEAO, aka umarci ƙasarmu ta biya ta diyyar miliyan 10 na sefa a 2008, kafin mahukunta su yarda akwai abin dubawa. Yanzu kuma 'yan bindiga sun tayar da iyalai daga ƙauyukan bakin iyaka, yunwa ta karya farashin yara, wasu masu hali kuwa sun ɗauki musibar maƙwabtansu ganima.

Muna kira ga sufeton ƙwadago na Maradi da prefen Madarunfa da sarakuna da limaman Juma'a, kada wata yarinya ta sake barin ƙauyensu sai an rubuta shekarunta da ladanta da gidan da za ta, a gaban mai gari da shaidu biyu, kuɗin kuma ya shiga hannunta ko na iyayenta. Wanda ba zai iya wannan ba, ya yi wanke-wankensa da kansa.