Zugazugi a bakin inji: ƙarin ƙarfi ko ƙarin ɗawainiya?

Duk wanda ya taɓa hawan tsaunin Mambila a jihar Taraba ya san inda asirin mota yake tonuwa. Daga Mayo Selbe hanya take fara nannaɗe dutse, kwana bayan kwana, har ta kai mutum Maisamari da Nguroje, sannan Gembu. A ƙarshen daminar bara na yi wannan hawa da ɗalibaina huɗu, za mu ɗebo samfurin ƙasa domin bincikensu na digiri na biyu. Motar tawa ce, tsohuwar a-kori-kura mai gida biyu, mai ja da ƙafa huɗu, injinta na fetur ne mai silinda huɗu, lita 2.7. Tun a kwanar farko ta ƙi giya ta uku, can gaba ta biyun ma ta gagara. Na take totur har ƙasa, inji yana kuka, mu kuwa muna rarrafe, har wani ɗan acaɓa ɗauke da buhun masara ya wuce mu yana ɗaga mana hannu.

Da muka sauka masauki, ɗaya daga cikin ɗaliban ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, ga maganin matsalarmu." Bidiyo ne na wani Bature a Ostareliya da ya ɗaura wa motarsa na'urar da ake kira sufacaja, tana haye tudun yashi kamar ba tudu ba. Ban ɓoye muku ba, abin ya shiga raina. Na dawo Kano da shi, na shafe makonni ina lissafi, har na fara tunanin taɓa ɗan abin da nake tarawa domin rufin gidana. Sakamakon wannan lissafi nake so mu duba a wannan mako, domin na san akwai masu aikin daji irina, injiniyoyi da likitocin dabbobi da manoma, waɗanda irin wannan tunani ya taɓa ɗarsuwa a zukatansu.

Inji da iska yake rayuwa. Ƙarfinsa ya dogara ne ga yawan man da zai iya ƙonawa, man kuwa ba ya ƙonuwa sai da iska daidai gwargwado. Injin da ba a yi masa ƙari ba da kansa yake zuƙar iskar, gwargwadon abin da sararin samaniya ya tura masa. Sufacaja zugazugi ce, irin ta maƙera, wadda ake ɗaura wa inji ta riƙa cusa masa iska fiye da yadda zai iya zuƙa. Kamancen ma ya wuce na fatar baki, domin samfurin da ya fi yaɗuwa ya samo asali ne daga na'urar da 'yan'uwan nan biyu, Philander da Francis Roots na jihar Indiyana a Amurka, suka yi wa rajista a 1860, aka kuma yi ta amfani da ita wajen hura wutar narkar da ƙarfe. Sai a 1921 kamfanin da ke ƙera Mercedes ya nuna motocin sayarwa masu irin wannan na'ura a Jamus. Bambancinta da turbo shi ne, hayaƙin salansa ke juya turbo, ita kuwa bel ne ke juya ta kai tsaye daga injin, don haka ƙarfinta yana zuwa da zarar an taɓa totur.

Amfaninta gaskiya ne, kuma ana iya auna shi. A bakin teku iska tana danna kowane inci murabba'i da nauyin fam 14.7. Idan na'urar ta ƙara fam 6, a lissafin takarda an ƙara wa inji iska da kusan kashi 40 cikin 100. A zahiri abin da ke isa taya bai kai haka ba, domin iskar da aka matse tana ɗaukar zafi ta buɗe, kuma juya na'urar kanta yana cin wani kaso na ƙarfin injin. Duk da haka, ƙarin kusan kashi 30 ba abin rainawa ba ne. Ga wanda ke aiki a kan tsauni kuwa hujjar ta fi ƙarfi, saboda iska tana raguwa da tsawo: injin da ke zuƙa da kansa yana asarar kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. Kano tana kan tsawon kusan mita 500, Mambila kuwa wajen 1,600. Ke nan kafin mu isa Gembu, tsawon kaɗai ya ƙwace wa motata fiye da kashi 10 na ƙarfin da take da shi a gida.

To, sai maganar kuɗi. Farashin da aka yanka mini na cikakken saiti ya haura dala 5,000, ban da kuɗin dako da na kwastam da ladan aiki. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta yi ta hawa har ta zarce naira 1,500 a 2024. A wannan canji, ana maganar sama da naira miliyan bakwai da rabi kafin a kwance ko da noti ɗaya. Sannan ƙarin iska sai da ƙarin mai, a ƙasar da aka cire tallafin fetur tun ranar 29 ga Mayu, 2023. Malamin jami'a da ya san albashinsa ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a nan.

Kuɗin saye shi ne wanda ido ke gani. Wanda ya fi tsorata ni shi ne zafi. Idan iska mai zafi ta haɗu da fetur cikin matsi mai yawa, man yakan fashe da kansa kafin harshen wutar fulogi ya iso gare shi. Wannan fashewa ita ce ke ƙona gaskit, ta farfasa ringi, wani lokaci ta huda fistin. Shi ya sa masu ƙera irin waɗannan na'urori galibi suke sharɗanta fetur mai babban okten, wato mai jure matsi. A gidajen manmu kuwa fetur iri ɗaya ne, abin da famfo ya ba ka shi ne rabonka, balle a ƙauye inda a jarka da galan ake sayar da shi a bakin hanya. Haɗa wannan da zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, da tafiyar daji wadda ake yi a hankali, iska ba ta bugun lagireto yadda ya kamata. Haka kuma dole a sake tsara ƙwaƙwalwar motar da kwamfuta, aikin da masu iya shi ba su da yawa ko a manyan biranenmu. Kuloci da giyabos da aka ƙera domin wani ƙarfi, su ma za su ɗauki abin da ya fi shi. Ga bel na musamman wanda in ya tsinke a bayan Nguroje, ba shagon da za a same shi.

Akwai darasi a yadda masu ƙera motoci suke yi da kansu. Kamfanin Toyota yana da injin dizal mai suna 1HZ, lita 4.2, silinda shida, wanda ya fito a 1990, ƙarfinsa kusan doki 130 kacal a cikin Land Cruiser mai nauyin fiye da tan biyu. Wannan inji marar gaggawa ya yi suna a hanyoyin Sahara, daga Agadas zuwa Cadi da Sudan, saboda sauƙin gyara da jure wahala. Da kamfanin ya so inji mai girma ɗaya da shi amma mai turbo, wato 1HD-T mai doki kusan 165, sai da ya sauya kan injin da fistin da hanyar feshin mai, ya kuma rage matsin da ke cikin silinda. Masu injin ke nan, da injiniyoyinsu da ɗakunan gwajinsu, ba su yarda su ɗora zugazugi kawai su ce an gama ba.

Wanda ya ƙarasa warware mini zaren wani dattijon bakanike ne da na daɗe ina kai wa mota. Na zayyana masa burina, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Dakta, kafin ka sayo mata ƙarfin da ba nata ba, ka tabbata wanda aka haife ta da shi yana nan?" Na ce, "Baba, ai duba ta za ka yi." Ya ciro matatar iska, ta toshe da ƙurar hunturun shekara biyu. Fulogai sun cinye. Cikin lagireto ya yi tsatsa. Sai ya nuna tayoyin da na saya domin motar ta yi kwarjini, masu inci 33 a maimakon 31 da ta zo da su. Taya sanda ce mai juyawa, duk ƙarin tsawonta ragi ne ga ƙarfin da ke isa ƙasa. Inci biyun nan sun ci kusan kashi 6 cikin 100. Da muka zo lissafin kaya kuwa kunya ta kama ni, domin har da duro mai lita 200 na ruwa, kilo 200 cur, na ɗora na haye da shi tsaunin da ƙoramu ke gudana ta ko'ina.

Ya kuma tuna mini abin da na sani amma na manta. A hanyar daji, inda kwalta ta ƙare, ƙaramar giyar ƙarfi da direbobi ke kira "lo" tana ninka ƙarfin da ke isa taya kusan sau biyu da rabi a yawancin irin waɗannan motoci, kuma an riga an biya kuɗinta tun ranar da aka sayi motar. Wanda aikinsa ya tilasta masa manyan tayoyi yana iya sauya haƙoran aksil na gaba da na baya, misali daga 4.10 zuwa 4.56, ya sami ƙarin kusan kashi 11 ba tare da ya ƙara wa inji matsi ba. A yashi kuma, rage iskar taya yakan fitar da motar da totur ya kasa fitarwa.

Ba na cewa na'urar ba ta da wurinta. A tuddan yashi irin na Yusufari a jihar Yobe, inda dole mota ta riƙe gudu ko ta nutse, ƙarfin doki yana da rana. Haka ga mai jan tirela a kan tsauni kullum. Idan injin mutum lafiyayye ne, yana da tabbacin man da yake sha, ƙwararren mai saiti yana kusa da shi, kuma asarar injin ba za ta durƙusar da gidansa ba, to ya saya, ya haɗa da na'urar sanyaya iskar da ma'aunin zafi mai kyau. Amma wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa duka, sau da yawa zai tarar sayar da motar ya sayi mai babban inji daga kamfani ya fi masa sauƙi, domin mai saye a kasuwarmu yana gudun injin da aka taɓa.

Ni dai na mayar da tayoyin asali, na sauya matata da fulogai, aka wanke lagireto, na bar duro a gida. Duka abin da na kashe bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin na'urar ba. Da muka koma Mambila a watan Janairu, giya ta biyu ta ɗauke mu har sama, allurar zafi ba ta motsa daga wurinta ba. Har yanzu 'yan acaɓa suna wuce mu, ɗalibin nan kuma bai daina yi mini tsiya ba. Sai dai 'ya'yan mutane nake ɗauka zuwa wuraren da waya ba ta shiga, iyayensu kuma dawowarsu suke jira, ba su taɓa tambayata minti nawa muka yi a hawa ba. Hausawa sun ce garin neman gira akan rasa ido. Rufin gidan kuwa an ɗora shi kafin saukar damina.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.