Ra'ayinmu: "Ka dawo gobe" ba laifin wuta kaɗai ba ne

Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, labarin ɗaya ne daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai: shadda da atamfa jibge a shagon tela, masu kaya na ta sintiri, tela na cewa a dawo gobe. Wani yaron a tsohuwar riga zai je idi, alhali tun farkon wata ubansa ya biya.

Teloli sukan ɗora laifin a kan wutar lantarki, kuma ba ƙarya suke yi ba. Ba wanda ya manta wahalar da aka sha bayan Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023. Amma ko a lokacin da wuta ta zauna, alkawarin bai cika cika ba.

Ɗinkin kaftani aikin sa'o'i ne, amma sai ya yi mako uku a shago. Jira yake yi. Yana jiran maigida ya yanka, domin shi kaɗai ke taɓa almakashi, yara kuwa na zaune gaban keke hannu sake. Yana jiran layi wurin mai aikin wuya, wanda shaguna da dama suka dogara da kekensa ɗaya. Wani lokacin zare da maɓalli yake jira, saboda kuɗin kafin alƙalami sun tafi cefane.

Saboda haka ƙara keke ba ya rage kwanaki. Inda aikin ke maƙalewa, nan ya kamata a kai hannu da kuɗi. A ce maigida riga 6 yake iya yankawa a rana: cikin kwana 20, riga 120 ke nan. Wadda ya karɓa bayan wannan, ya san ba za ta fita ba. Ya rufe karɓa, ko ya koya wa babban yaronsa yanka tun kafin Sha'aban. Mun san tsoron da ake ji, kada yaro ya ƙware ya buɗe nasa shagon. To ai zai buɗe ko ba a koya masa ba. Aikin wuya da guga a yi su sa'ad da akwai wuta, keken ƙafa ya ɗauki sauran lokacin.

Kafintoci masu gadon amare da masu walda su ma abin ya shafe su. Muna kira ga ƙungiyoyin masu sana'ar hannu su wajabta wa mambobinsu rubuta ranar karɓa da ranar bayarwa a takarda, mai kaya ya riƙe ɗaya, shago ya riƙe ɗaya.