Zugin Ƙafar Mai Ciwon Suga da Maganin Ƙasar Sin

A Danchadi, cikin ƙaramar hukumar Bodinga, kamar a sauran garuruwan Sakkwato, wanda ya daɗe da ciwon suga sau da yawa ƙafafunsa ne ke hana shi barci. Tafin ƙafa na zugi kamar an taka garwashi, yatsu kamar ana soka musu allura. Sukarin da ya daɗe yana hauhawa a jini ne ke lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji, kuma mafi tsawonsu, waɗanda suka sauka ƙafa, su ke fara jin jiki. Kusan rabin masu cutar kan gamu da wannan a tsawon rayuwarsu.

Wanda ya kwana uku bai runtsa ba, ba a ganin laifinsa idan ya miƙa hannu ga kwalin da ke ɗauke da rubutun Sinanci. Amma kafin ya zuba kuɗin geronsa, ya cancanci a gaya masa abin da bincike ya nuna.

A 2013 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan mutum 3,639, aka jarraba magungunan gargajiya na Sin iri 38 a kan wannan lalura. Dukkansu a Sin aka yi su, a can aka wallafa. Da yawa sun ba da rahoton samun sauƙi, sai dai tsarinsu bai tsaya da ƙafarsa ba. A gwaji mai inganci, majinyaci da likita ba sa sanin wa aka ba magani, wa aka ba ƙwayar da babu komai cikinta, domin zugi abu ne da tsammani kaɗai ke iya rage shi. Masu nazarin, waɗanda su ma 'yan Sin ne, suka yanke cewa babu hujjar da ta tabbatar da amfanin magungunan ko rashin illarsu.

Wannan ba raina ilimin Sin ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauron da ake rubuta wa yara a asibitocin Sakkwato yau, asalinsa ganye ne dangin tazargade da Tu Youyou ta ciro sinadarin artemisinin daga cikinsa, har ta samu lambar Nobel a 2015. Bambancin kawai shi ne, wancan ganyen ya bi ta gwaji ya fito, waɗannan kuwa ba su bi ba tukuna.

Kuma zancen "ai ganye ne, ba ya cutarwa" bai da tushe. A farkon shekarun 1990 a Brussels ta ƙasar Beljiyam, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace bayan shan maganin rage ƙiba mai ɗauke da tsiron aristolochia. Mai suga kuwa ƙodarsa tuni tana cikin haɗari. Shi ma Xiaoke Wan, sanannen maganin suga na Sin, yana ɗauke da glibenclamide, ƙwayar asibiti. Wanda ya haɗa shi da nasa na likita, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Lambar NAFDAC da ke jikin irin waɗannan kwalaye ma ba shaidar warkarwa ba ce.

Akwai magungunan da gwaji ya nuna suna rage zugin, irin su amitriptyline mai araha, da pregabalin da duloxetine, kodayake ba kowa suke yi wa aiki ba, kuma ba sa farfaɗo da jijiyar da ta mutu. Daidaita sukari ke rage saurin ɓarnar.

Babban tarkon yana nan: ɗaukewar zugi ba kullum take nufin sauƙi ba. Jijiyar na iya mutuwa ne gaba ɗaya, ƙafa ta sage, mai kwalin ya sha yabo. Manomin Danchadi sai ya taka ƙaya ko yashin Afrilu mai ƙuna bai ji ba, ko ya kara ƙafa a wuta da hunturu ta ƙone. Ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ana maganar yankewa. Alhali a kullum yana wanke ƙafar nan wajen alwala. Abin da ya rage shi ne ya duba tafin da tsakanin yatsu, ya goge su bushe, ya zazzage takalmi kafin ya sa, ya nufi asibiti ranar da ya ga rauni.