Ba Sukari Kaɗai Ne Mai Laifi Ba

'Yan'uwa ɗalibai, har yaushe za mu zura wa wannan kuskure ido? A Kankiya da Kusada ana hana tsoho mai ciwon sukari shayi mai zaƙi, amma a malala masa man shanu bisa tuwon dare! Maiƙo kuwa yakan jinkirta fitar abinci daga tumbi, ya kuma rage ƙarfin insulin. Saboda haka wanda ya yi allura kafin cin abinci, sukarinsa na iya faɗuwa da fari, sa'an nan ya hau bayan awa 3 zuwa 5, yana cikin barci. Mu gaya wa iyayenmu: a rage mai, a riƙa auna jini, kada a ƙara allura sai da shawarar likita.