Haƙƙin Kaza a Kan Wanda Ya Kulle Ta

Ran nan, bayan an sallame sallar asuba, na ji salati yana tashi daga gidan maƙwabciyarmu, wata dattijuwa wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ko da na aika yaro ya tambayo lafiya, sai ya komo da labarin cewa wani abu ya shiga akurkinta cikin dare, ya kashe kazar da ta yi kwana 21 tana kwanci, ya kuma kwashe 'yan tsakin da ba su cika mako guda da ƙyanƙyasa ba. Matan unguwa suka yi ta shiga suna jajanta mata, kowace tana cewa, "Inna, sai haƙuri, ƙaddara ce, Allah ya mayar da alheri." Ni ma na shiga na yi nawa jajen, amma da na durƙusa na duba akurkin, na tarar ƙofarsa tsohon faranti ne da aka tokare da dutse, gindinsa kuwa ruwan damina ya zaizaye shi har hannun yaro yana iya shiga, sai zuciyata ta ƙi natsuwa da kalmar nan ta ƙaddara, ko da yake ban furta kome ba a gaban mai baƙin ciki.

Babu Musulmin da zai yi jayayya da ƙaddara, domin imani da ita rukuni ne, sai dai malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, hasali ma sharaɗinsa ne. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ko kuwa ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi da ya haɗa biyun. To, in an wajabta wannan a kan raƙumi, wanda yake da ƙarfin kare kansa da ƙafa da haƙori, ina ga kaza, wadda idonta ba ya gani sosai da zarar duhu ya shiga?

Abin da na fi so mai karatu ya yi tunani a kansa shi ne wannan. Kazar da aka sake, in magariba ta gabato, takan haye reshen darbejiya ko kan katanga, inda galibin maƙiyanta ba sa iya cim mata, kuma in ta ji motsi tana da sararin da za ta tashi ta yi kururuwa. Ranar da muka kama ta muka tura cikin akurki muka rufe, mun raba ta da wannan dabara da Mahaliccinta ya kimsa mata, saboda haka tsaronta ya tashi daga wuyanta ya koma wuyanmu, ya zama amana. Akurkin da yake da ɓaraka ya fi sakin kaji a fili hatsari, domin maƙiyi yana da hanyar shiga alhali ita ba ta da hanyar fita. Buhari da Muslim sun kawo hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, kuma a fahimtata illar hukuncin, watau tsarewa tare da sakaci, tana nan ga wanda ya kulle dabba a inda za a cinye ta.

Maƙiyan kaza ba hanya ɗaya suke bi ba, shi ya sa dabara ɗaya ba ta isarsu. Shirwa da shaho ta sama suke zuwa, da rana tsaka, kuma 'yan tsaki suka fi nema, musamman da rani sa'ad da ciyawa ta bushe, tsakar gida ta zama fetal babu maɓuya. Ba a banza magabata suka ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa ba. Muzuru ta katanga yake dirowa, yana da haƙurin zama a bakin ƙofa yana tura ta da hannu har ta goce. Tunku yakan kutsa ta ramin da mutum zai rantse ba zai ɗauke shi ba, in ya shiga kuwa ba ya tsayawa kan kaza ɗaya, wuya yake kamawa ya bar gawarwaki. Gafiya da ɓera ta ƙasa suke haƙowa, dusa da ɓarzajjen hatsin da aka bari ya kwana su ne suke kiransu, daga nan su zarce kan ƙwai da 'yan tsaki, sa'an nan maciji ya biyo sawun ɓera. Wannan silsila ta dusa da ɓera da maciji ita ce mutane suka fi gafala da ita, alhali kuwa macijin da ya saba da akurki wata rana hannun yarinyar da aka aika ɗauko ƙwai zai tarar.

Mutane da yawa, musamman a birane, sun koma yi wa kajinsu keji da ragar waya, suna zaton an gama magana, amma akwai raga akwai raga. Siririyar nan mai manyan idanu, wadda aka fi sayarwa a kasuwa da sunan ragar kaji, an yi ta ne don ta hana kaza fita. Kare yana iya yage ta, ɓera da ƙaramin maciji suna wucewa ta idonta, damina kaɗan kuma tsatsa ta cinye ta. Wadda ta cancanci a kashe mata kuɗi ita ce mai kauri, wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa, mai idanu da ba su wuce rabin inci ba, kuma a buga ta sama da gefe duka, domin kejin da ba shi da rufi gayyatar shirwa ne. Gindinta kuwa a binne shi kamar ƙafa 1 cikin ƙasa, ko a lanƙwasa shi waje a shimfiɗa kamar ƙafa 2 a rufe da ƙasa da tsakuwa, saboda dabbar da take haƙa a jikin shinge take fara haƙa, in ta ci karo da waya sai ta haƙura.

Wanda ba shi da halin wannan, kada ya ce an rufe masa ƙofa, domin hikimar tana nan cikin gidajenmu tun kaka da kakanni. Wa ya koya wa manomin Bahaushe ɗora rumbu a kan duwatsu, in ba gara da ɓera da laima ba? A yi wa wurin kwanan kaji haka nan, a ɗaga shi daga ƙasa kamar ƙafa 2 ko 3 a kan dirkoki, a naɗe kowace dirka da gwangwani mai santsi, a yi masa ƙofar katako mai sakata. In akurkin ƙasa ne, a daɓe cikinsa da tsakuwa da siminti kaɗan, a yaɓe tsagarsa kafin ruwan farko ya sauka. Kwandon nan da iyayenmu mata suke kifawa a kan kaza da 'ya'yanta har yanzu yana da amfani, muddin an daure an riƙe su a ciki mako 6 ko fiye, har su yi fiffike. Sai dai a kiyaye, kada tsoron tunku ya sa a toshe ko'ina, domin zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, wanda yakan haura digiri 40, yana kashe kajin da aka hana iska fiye da yadda muzuru zai yi. A bar taga sama, a rufe ta da raga.

Za a ce kuɗin raga ya fi kuɗin kazar. Watakila haka ne in kaza ɗaya aka ƙirga, amma a gidajenmu kaza ita ce asusun mace, ita ake kamawa a sayar ranar da yaro ya kwanta rashin lafiya, ita ake yankawa baƙo, kuma daga ita ake tara kuɗin akuya. Ga shi kuma yanzu ana sayen kajin zamani, irin Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta fitar, waɗanda suke da yawan ƙwai amma ba su da wayon gudu na kajin gida. Ina ganin abin kunya ne magidanci ya ci ƙwai da romo shekara da shekaru, amma ya ga gyaran akurki aikin mata ne da bai kai ya durƙusa masa ba, alhali yini guda da guduma da ƙusa sun ishe shi.

Abu ɗaya nake roƙo a bari, shi ne zuba guba a cikin mushen kaza don a rama. Gubar ba ta zaɓe, takan kashe kyanwar maƙwabci da karen makiyayi, ta kashe ungulu, wadda tun 2015 masana suka sa cikin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa, kuma yara suna wasa a jujin da aka jefar da ita. Shari'a ta halatta kashe dabbar da take cutarwa, ba ta halatta ɓarna a kan wadda ba ta yi laifi ba.

Ita kuwa dattijuwar nan, samarin unguwa sun taru ranar Juma'a bayan an sauko, suka daɓe mata gindin akurkin, kafinta ya yi masa ƙofa mai sakata, wata maƙwabciya kuma ta ba ta sagara guda. Babban jikanta aka ɗora wa aikin kwashe ragowar dusa da ƙirga kaji da zura sakata kullum kafin a kira magariba, ita kuma takan bi bayansa da fitila bayan lisha ta taɓa ƙofar da hannunta.