Batir Ba Zai Ɗaga Jirgin Sama Ba

An wayi gari duk taron da aka yi kan makamashi, waƙa ɗaya ake rerawa: batir ne makoma, man da ake samu daga tsirrai kuwa yaudara ce da ke raba talaka da abincinsa. Rabin maganar gaskiya ne, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya ɓarna.

Gaskiyar ita ce, Amurka tana zuba fiye da kashi ɗaya cikin uku na masararta wajen yin etanol, alhali duniya cike take da masu kwana da yunwa. Wannan abin Allah wadai ne. Amma don masara ta yi laifi sai a yi wa duk man tsirrai kuɗin goro? Ɓuntun shinkafa da totuwar masara da tukar rake ba abincin mutum ba ne. A wurare da dama wuta ake cinna musu.

Daga irin wannan shara ake tatso asid iri-iri. Ɗaya daga ciki, asid ɗin lebulinik, tun 2004 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta sa shi cikin sinadarai 12 mafi daraja da tsirrai za su iya bayarwa. Matsalarsa iskar oksijin ta yi masa yawa, ba ya ci a inji. Tsohuwar hanyar gyara shi tana buƙatar zafi mai tsanani da iskar haidurojin da aka matse, ita kuma haidurojin galibi daga iskar gas ake samunta.

A nan lantarki ya shigo. A 2012 masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Braunschweig a Jamus suka nuna cewa a cikin ruwa, ba tare da murhu ba, sandar dalma mai ɗauke da lantarki tana mayar da asid ɗin lebulinik ya koma asid ɗin balerik. Sandar filatinum kuma ta fizge iskar kabon dayoksaid daga jikin asid ɗin balerik, ragowar guda biyu su haɗe su zama oktan, ɗaya daga cikin sinadaran fetur. Da yake mai ba ya gauraya da ruwa, sai ya taso sama da kansa. Dabarar ma ba sabuwa ba ce: Hermann Kolbe ya bayyana ta tun 1849. In aka yi haka da asid ɗin kafroyik, wanda ƙwayoyin bakteriya ke fitarwa daga ruɓaɓɓen kayan gona, dekan ake samu, dangin kananzir ɗin jirgin sama.

To masu cewa batir ya gama komai, su amsa wannan. Kilo ɗaya na man jirgi yana ɗauke da makamashin da ya ninka na kilo ɗaya na batirin litiyum fiye da sau 40. Keke Napep da ƙaramar mota za su koma batir, kuma muna maraba. Amma jirgin alhazai daga Kano zuwa Jidda, da jirgin ruwan da ke ratsa teku, mai za su ci gaba da sha. Abin tambaya shi ne daga ina man zai fito.

Cikas yana nan, ba a ɓoye yake ba. Filatinum tsada gare shi, abin da duniya ke haƙowa a shekara bai kai tan 200 ba, kuma wajen kashi 70 cikin 100 daga Afirka ta Kudu yake fitowa. Ga shi yana zaizayewa a bakin aiki. Dalma kuwa guba ce. Shi ya sa masana ke gwada sandunan gawayi, da na oksaid ɗin rutiniyam, da lu'ulu'un da aka cakuɗa da boron, suna neman abin da zai zaburar da wannan sauyi cikin araha, ya kuma daɗe.

Wannan nema shi ya kamata a zuba wa kuɗi, shi kuma waƙar batir take kashe wa kasuwa. Gwamnatoci da masu ba da tallafin bincike su ware kaso na musamman domin shi, jami'o'in ƙasashen da ke da rana da sharar gona su shiga tun yanzu. Wanda ya jira sai an gama, lasisin wasu zai saya, da dala.