Ayyuka miliyan 85 da aka ce za su baro Sin: Ina suka maƙale?

A shekarar 2011, Justin Yifu Lin, wanda a lokacin shi ne babban masanin tattalin arziki na Bankin Duniya, ya yi wani hasashe da ya faranta ran gwamnatocin Afirka. Lissafinsa shi ne, tunda albashi yana ta hauhawa a ƙasar Sin, masana'antun da suka dogara da hannun mutane masu yawa, irin na ɗinkin tufafi da takalma da kayan wasan yara, dole wata rana su tattara nasu ya nasu su nemi inda ƙwadago ke da araha. Ya ƙiyasta guraben aikin da abin zai shafa a kan miliyan 85. Tarihi ma yana bayansa, domin Japan ta taɓa miƙa irin waɗannan masana'antu ga Koriya ta Kudu da Taiwan, su kuma suka miƙa wa Sin. Sai aka ɗauka layi ya kusa zuwa kan Afirka.

Yau an haura shekara goma da wannan magana. Wani kaso na ayyukan ya koma Vietnam da Bangladesh da Kambodiya, ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ya iso Habasha. Najeriya, wadda mafi ƙarancin albashinta na naira 70,000 bai kai dala 50 ba a lokacin da aka sa hannu a kansa a watan Yulin 2024, ba ta samu wani rabo na a zo a gani ba. Dalilan da aka saba lissafawa, wato wuta da cunkoson tashar jiragen ruwa da rashin tsaro, duk gaskiya ne. Amma akwai wani da ba a cika tattauna shi ba a ofisoshin Abuja: masana'antar da ake jira ta zo, ita kanta ta sauya kama, kuma arahar ƙwadago ta rage daraja a idon mai ita.

Alƙaluman Ƙungiyar Masu Ƙera Mutum-mutumi ta Duniya, IFR, sun nuna cewa a 2023 an girka sababbin mutum-mutumin masana'antu kimanin 541,000 a faɗin duniya, kuma sama da 276,000 daga ciki a Sin aka girka su. A 2024 rabon Sin ya ƙaru zuwa kusan 295,000, har ma kamfanonin cikin gida suka sayar da fiye da rabin na'urorin da aka saya a ƙasar. Wannan ba da ka ya faru ba. Yawan masu shekarun aiki a Sin ya fara raguwa tun wajajen 2012, a 2022 kuma yawan al'ummar ƙasar baki ɗaya ya ragu karon farko cikin kusan shekara sittin. Gwamnati ta ga abin da ke tafe, ta fito da shirin Made in China 2025 a 2015, shekara guda bayan haka kamfanin Midea ya sayi Kuka, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera mutum-mutumi a Jamus. Mai masana'anta a Guangdong da albashi ya yi wa tsada ya samu zaɓi na biyu: maimakon ya kwashe injinansa zuwa wata nahiya, sai ya rage ma'aikata ya zauna inda yake, kusa da masu kawo masa kaya da tashar jiragen ruwan da ya saba da ita.

Mutum-mutumi shi ne abin da ido ke gani, amma babban sauyin yana cikin bayanai. Jamusawa ne suka raɗa wa tsarin suna Industrie 4.0 a baje kolin Hannover na 2011, kuma masana'antar Siemens da ke garin Amberg ita ce misalin da aka fi kawowa. A can ana ƙera na'urorin da ke sarrafa injina a wasu masana'antu. Kowane kaya da ke kan layi yana ɗauke da lambarsa, lambar ce ke sanar da inji irin aikin da za a yi masa, saboda haka layi ɗaya yana iya fitar da samfura daban-daban ba tare da an tsayar da shi an sake saiti ba. Kyamarori da na'urorin awo suna duba kowane mataki, aibi yana bayyana tun kafin kayan su kai ƙarshen layi. Kamfanin ya ce kusan kashi uku cikin huɗu na aikin injina ne ke yi, kuma tun buɗe wurin a 1989 yawan abin da ake fitarwa ya ninka sau da dama alhali yawan ma'aikata bai sauya sosai ba.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ya kamata mai rubuta wa minista takardar shawara ya ja wa layi. Haka kuma na'urorin da ake maƙala wa inji suna auna zafinsa da girgizarsa, manhaja tana gano alamar lalacewa kafin ya tsaya, ana yin kwafin layin gaba ɗaya a cikin kwamfuta a gwada sauyi kafin a taɓa ƙarfe ko ɗaya. Duk waɗannan suna rage kason albashi a cikin kuɗin ƙera kaya. Idan kason ya ragu, bambancin albashi tsakanin Shenzhen da Legas ba ya isa ya biya wahalar ƙaura.

Sai dai bai kamata a ɗauka inji ya ci kowane fage ba. Adidas ya gina masana'antun takalma biyu masu sarrafa kansu, ɗaya a Ansbach ta Jamus, ɗaya a Atlanta ta Amurka, aka yi ta shelar cewa ƙera takalma ya dawo ƙasashen masu arziki. A watan Nuwamban 2019 kamfanin ya sanar da rufe su duka, ya mayar da fasahar ga masu yi masa aiki a Asiya. A 2018 Elon Musk ya amsa da bakinsa cewa Tesla ya wuce gona da iri wajen dogaro da injina a layin ƙera motar Model 3. Ɗinki kuwa har yanzu yana gagarar mutum-mutumi, saboda yadi yana lanƙwasa yana miƙewa, ba ya tsayawa wuri ɗaya kamar ƙarfe, shi ya sa Bangladesh ke da ma'aikatan ɗinki kusan miliyan huɗu. Abin lura a labarin Adidas shi ne inda fasahar ta koma. Ta tafi wurin da ƙwarewa da masu kawo kaya suka riga suka taru, ba ta nufi inda albashi ya fi arha ba. Tsarin yana kuma da nasa raunin: harin masu kutse da aka kai wa Jaguar Land Rover a 2025 ya tsayar da ƙera motoci a Birtaniya sama da wata guda, har gwamnati ta tsaya wa kamfanin a kan bashin fam biliyan 1.5 don kada masu kawo masa kaya su durƙushe.

Habasha ce ƙasar Afirka da ta fi riƙon hasashen Lin da hannu biyu. Ta gina unguwannin masana'antu, mafi shahara shi ne na Hawassa da aka buɗe a 2016, ta ba da wuta mai araha, ta jawo kamfanonin tufafi. An ɗauki dubban ma'aikata, galibi mata. Yaƙin Tigray da cire ƙasar daga tsarin AGOA na Amurka a farkon 2022 sun yi wa shirin illa, amma wani bincike da Dani Rodrik da Margaret McMillan da abokan aikinsu suka fitar a 2021 kan Habasha da Tanzaniya ya nuna matsalar da ta girmi yaƙin. Manyan kamfanoni suna ƙara yawan abin da kowane ma'aikaci ke samarwa amma ba sa ƙara ɗaukar mutane sosai, ƙanana kuma suna ɗaukar mutane amma aikinsu ba ya ƙara auki. Dalilin da masu binciken suka kawo shi ne, duk mai son sayar wa kasuwar duniya dole ya sayi injin da zai cika ƙa'idar ingancin da masu saye suka gindaya, injin kuma an ƙera shi ne don ƙasashen da ma'aikaci ke da tsada.

A Najeriya tasirin yana shigowa ta kasuwa kafin ya shigo ta ƙofar masana'anta. Atamfar da ta cika Kantin Kwari a Kano, mafi yawanta daga Sin take zuwa, shekaru bayan masaƙun Kaduna sun yi shiru. Duk lokacin da masaƙa a Sin ta rage kuɗin ƙera yadi da taimakon na'ura, tazarar da mai son farfaɗo da masaƙa a Kakuri zai cike tana ƙara faɗi. Hana shigo da kaya yana iya sayen lokaci, kodayake tarihin fasa-ƙwauri a kan iyakokin ƙasar bai ba da ƙwarin gwiwa ba.

Ga wanda kuma ya yanke shawarar sayen sababbin injinan, a nan gizo ke saƙar. Tsohon inji yana jure ɗaukewar wuta, a tayar da janareta a ci gaba. Layin da kwamfuta ke sarrafawa ba ya son ko ƙiftawar wuta, domin tsayawa a tsakiyar aiki yana lalata kayan da ke kansa, wani lokaci har da allon lantarkin injin. Babban layin wutar ƙasa yana raba abin da yawanci bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba ga mutane sama da miliyan 200, kuma ya faɗi sau da dama a 2024, shekarar da kuɗin wutar rukunin Band A ya ninka fiye da sau uku zuwa naira 225 a watan Afrilu. Injin da kayan gyaransa da lasisin manhajarsa duk da dala ake biya, ita kuma dala ta tashi daga kusan naira 460 kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. Procter & Gamble, da ya sanar a Disamban 2023 cewa zai daina ƙera kaya a ƙasar, matsalar dala ya ambata. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 da ta ba jihohi ikon tsara kasuwarsu, da tashar Geometric Power da aka ƙaddamar a Aba a Fabrairun 2024, sun fi kusa da ainihin bukatar masana'antar zamani fiye da yawancin tarukan da ake shiryawa da sunan juyin masana'antu na huɗu.

Sai batun mutane. Shirin 3MTT na Ma'aikatar Sadarwa yana horar da matasa a rubuta manhaja da nazarin bayanai da tsaron intanet, kuma abu ne mai kyau. Amma wanda mai masana'anta a Agbara ko Sharaɗa ke nema ruwa a jallo shi ne mai iya saita na'urar sarrafa inji, ya gano abin da ya tsayar da layi, ya gyara kafin azahar ba tare da an jira injiniya daga ƙasar waje ba. Horar da irin wannan yana hannun kwalejojin fasaha da hukumar NBTE da asusun ITF, waɗanda ba su cika samun hasken kyamara ba. Ƙaramin kamfani ma ba ya bukatar mutum-mutumi tukuna. Mitar da ke nuna injin da ya fi shan wuta, da manhajar lissafin kaya a sito, suna iya rage asara da kuɗi kaɗan, in akwai mai karanta abin da suka nuna.

Akwai kuma wani abu a sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025. Ta maye gurbin tsohon tsarin yafe haraji ga sababbin masana'antu da rangwamen kashi 5 cikin ɗari a shekara, tsawon shekara biyar, a kan jarin da kamfani ya zuba a gine-gine da injina a fannonin da aka ba fifiko. Ta fuskar hana cuwa-cuwa wannan ci gaba ne, domin sai an kashe kuɗi ake samun rangwame. Amma ma'aunin jari ne, kuma a zamanin da jari ke iya ninkuwa ba tare da ma'aikata sun ƙaru ba, kamfanin da ya fi samun rangwame ba lallai ya zama wanda ya fi ɗaukar mutane ba. Matatar Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta rage dogaro da man waje, amma irinta ba ta ɗaukar ma'aikata daidai da girman kuɗin da aka zuba mata. Ɗinki da takalma da sarrafa amfanin gona su ne har yanzu ke cin hannun mutane da yawa, kuma masu su galibi ƙanana ne da jarinsu ba lallai ya kai mizanin shiga tsarin ba. Duk takardar neman rangwame da za ta zo teburin jami'i tana ɗauke da adadin guraben aikin da aka yi alkawari, ya dace a buɗe mata fayil na biyu da za a duba bayan shekara uku, a ga mutum nawa ke cikin takardar albashi.